Ƙofar da Kaka Ya Faɗaɗa

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba, ko Umma da muke kwana ɗaki ɗaya. Wasiƙar ƙarshe da kamfanin motoci ya aiko wa Kakana, ni na karanta masa ita, kuma abin da na karanta ba shi ne a rubuce ba. Shugaban ƙungiyar kanikawa da dillalan motoci ya ce in rubuta 'yan kalmomin ta'aziyya, a sa a ɗan littafin da ake rabawa gareji-gareji mako guda kafin baje koli, tunda ni ce mai rubuta wa marigayi takardu. Sau uku ina zama don in rubuta yabo kawai, hannuna yana ƙi. Zan rubuta yabon, don ya cancance shi, amma sai na haɗa da ɗaya maganar.

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Allah Ya karɓi ran Kakana, mahaifin Ummata, ranar Laraba tara ga watan Afrilu, jim kaɗan bayan la'asar, a gadon asibiti. Kwana biyu kafin nan ya faɗi a bakin ƙofar tsohon siton da ake yin baje kolin motoci a cikinsa. Ya rasu yana da shekara saba'in da huɗu. Shi ya fara baje kolin garin nan shekara ashirin da biyu da suka wuce, kuma tun daga lokacin shi ne sakataren ƙungiya. A takarda Sakatare ake kiransa. A bakin mutane kuwa sunansa Malam Baɗi.

Kaka, ka san dalilin wannan suna, kuma ban taɓa ganin ya ɓata maka rai ba. Kowace shekara kana sa a share tsakiyar sito, a kafa dandamalin katako, a shimfiɗa masa darduma, ka ce nan ne wurin sabuwar mota. Dillalai su jera motocinsu ta gefe, kanikawa su kawo injunan da suka farfaɗo da su, amma tsakiyar nan ba mai taɓa ta. A buɗe baje koli, a rufe, dandamali yana nan wayam. In aka tambaye ka ina sabuwar motar, sai ka ce, "Baɗi, in Allah Ya kai mu." Yara har waƙa suka mayar da maganar, suna bin ka da ita a hanyar tasha. Kai kuwa sai ka tsaya ka gyara musu, ka ce ba haka ake jan ƙarshen ba.

Ka ba ni labarin mafarin abin fiye da sau goma. Kana ɗan koyo a gareji maigidanka ya tafi da kai babban birni sayen kayan gyara, kuka shiga baje kolin can. Ka ce an lulluɓe wata mota da ƙyalle, aka kashe fitilu, aka kunna, wani mutum ya janye ƙyallen, ɗakin ya yi tsit. Ka ce ba kyan motar ne ya tsaya maka a rai ba. Da aka ɗaga bonet, sai ka ga inji irin wanda ba ka taɓa gani ba, kuma sai bayan shekara goma sha ɗaya irinsa ya shigo garejinku, a mace, ana jan motar da igiya, babu wanda ya san ta inda zai fara kwance shi. Daga nan ka ƙulla a ranka cewa yaran garin nan za su riƙa ganin mota tana sabuwa, kafin ta zo musu a lalace daga hannun mutum na huɗu.

Mutane da yawa za su faɗi alherinka fiye da yadda zan iya. Ni abin da na gani da idona zan faɗa. Ranar buɗe baje koli, awa ta farko ta yara ce, ba a karɓar ko sisi a ƙofa. Dillalai suna ɗaura igiya kewaye da motocinsu, kai kana bi kana kwancewa. Akwai shekarar da wani dillali ya daka wa wata yarinya tsawa don ta sa hannu a madubin motarsa. Ka je ka ɗauke ta, ka buɗe ƙofar motar, ka zaunar da ita a gaban sitiyari, sannan ka ciro hankicinka ka goge madubin da kanka, ka ce masa, "Ga shi nan, ya warke." Na ga ranar da ka bar abincinka ka bi wani direba da ba ka sani ba har bayan gari, don motarsa ta mutu da mara lafiya a ciki. Na ga tsohon bakaniken nan da hannunsa ya fara rawa, kowa ya daina ba shi aiki, kai ka ba shi kujera a garejinka ka ce aikinsa shi ne ya saurari inji ya faɗi ciwonsa. Har ya mutu yana zuwa aiki da safe kamar kowa.

Ni kuma ka ba ni suna. Tun da yana ta rufe maka ido, shekara uku ke nan, ka daina ganin rubutu, sai ka ce daga yau ni ce Akawu. Ina aji huɗu a lokacin. Ka damƙa mini tsohon akwatin sufanunka, wanda ka mayar wurin ajiye wasiƙu, har yau takardun cikinsa warin giris suke yi. Ba ka yarda da saƙon waya ba, ka ce abin da ba a sa masa hannu ba ba magana ba ce. Kai ka faɗa, ni in rubuta, in kai gidan waya. In amsa ta zo in karanta maka. Ba ka taɓa sa wani ya duba bayana ba.

Ka san ni ba mai magana ba ce. Bara, ranar da muka gama firamare, aka ba ni jawabin bankwana in karanta. Na hau gaban mutane, na ga idanu, na sauko da gudu ban ce uffan ba. Mutum ɗaya ne ya tafa, kai ne, kuma ka daɗe kana tafawa har na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. A hanyar gida ka ce, "Akawu, kada ki damu, inji mai lafiya ba ya yawan ƙara." Muka ɗan yi tafiya, ka ƙara da cewa, "Amma fa ko wace mota an sa mata hon. Akwai ranarsa."

A cikin akwatin nan na koyi dalilin da ya sa sabuwar mota ba ta zuwa gari irin namu, don duk amsoshin kamfani suna ciki, na karanta su ɗaya bayan ɗaya. Ba su taɓa cewa a'a kai tsaye ba. Kullum da dalili. Shekarar farko suka ce daɓen sito ƙasa ne, ƙura za ta ɓata fenti. Ka tara kanikawa kuka zuba siminti. Suka ce babu hasken kirki, ka sa aka ja waya aka rataye fitilu goma sha biyu. Suka ce ranarmu ta yi karo da ta baje kolin babban birni, ka matsar da tamu da wata guda, abin da ya jawo maka faɗa da dillalai har wasu suka yi shekara ba sa gaishe ka. Da suka ce sabuwar motar ba ta shan mai, da lantarki take tafiya, kuma ba mu da wurin yi mata caji, sai da ka nemo mai gyaran wuta ya kafa wani abu a bango wanda har yau babu motar da ta taɓa amfani da shi. Kowane dalili suka kawo, kai aiki kake ɗaukarsa. Kana cewa mutumin da ya ba ka dalili bai rufe ƙofa ba tukuna.

Shekara biyu da suka wuce kamfani ya turo wakili, wani saurayi mai fara'a, da mota ɗaya da kwalin hotuna. Ina tsaye bayanka da akwati. Ka shafa motar tun daga fitila har baya, ka ce, "Ɗana, wannan ai ita kuka kawo bara. Riga kawai ta canza."

Ya yi dariya ya ce, "Baba, kai ba a ɓoye maka. Sabuwar da kake nema guda uku ce kacal aka haɗa zuwa yanzu, kuma da hannu. Duk inda za a kai ɗaya sai da tirela mai rufi, da inshora, da masu gadi. Ana kai ta ne inda 'yan jarida ɗari za su ɗauki hotonta lokaci guda. A nan wa zai ɗauka?"

Amininka Mai Walda, wanda kuka tashi tare tun kuna 'yan koyo, ya ɗaga tsohuwar wayarsa mai fasasshen gilashi ya ce, "Ga ɗan jarida ɗaya, saura casa'in da tara." Aka yi dariya.

Wakilin ya rage murya ya ce, "Kuma gaskiya, Baba, mutanenku taɓawa suke zuwa yi, ba saye ba."

Ka ce, "Wanda ya taɓa ta yau, shi zai gyara muku ita ranar da kuka manta kun ƙera ta."

Wakilin ya waiga ya dubi ƙofar sito, ya ce ko an yarda ma, tirelarsu ba za ta shige ta wannan ƙofa ba, kuma ba a sauke irin motar a titi. Ƙofar kuwa ginshiƙin kankare ne a gefenta, mai kauri, wanda yake ɗauke da rufi. Wannan ne kaɗai dalilin da ba ka mayar aiki ba. Mai Walda ya ce sai an tokare rufin da ƙarfe kafin a taɓa ginshiƙin, kuma aiki ne babba. Ka ce a bari sai sun ce za su zo.

A farkon shekarar nan ciwon zuciya ya kwantar da kai. Likita ya ce babu gareji, babu sito, babu tsayuwa a rana, ko bokitin ruwa kada ka ɗaga. Umma ta kwashe takalmanka ta ɓoye a ƙarƙashin keken ɗinkinta. Ka rame, ka daina cin abinci sai cokali biyu, ka juya fuska bango. Abu ɗaya kake tambaya in na dawo daga makaranta: "Akawu, gidan waya fa?"

Ranar Litinin ta ƙarshen watan Maris wasiƙar ta zo. Na buɗe ta a hanya, abin da ban taɓa yi ba. Ga abin da ke ciki, na kwafe shi harafi da harafi: "Mun gode da wasiƙunka na tsawon shekaru. Kamfani ya yanke shawarar daina kai sababbin motoci baje kolin ƙananan garuruwa gaba ɗaya. Daga yanzu a babban birni kawai za a riƙa buɗe su, sauran jama'a su kalla ta waya. Babu bukatar sake rubuto mana a kan wannan batu."

Na tsaya a gindin wata katanga na karanta sau huɗu, ina neman dalili guda a ciki wanda za ka iya gyarawa. Babu. Na tuna fuskarka a bango. Na ce a raina in na karanta maka wannan, ba za ka ƙara cin ko cokali biyun ba.

Na shiga ɗakinka, ka miƙo hannu na ba ka ambulan ɗin. Ka daɗe kana juya shi tsakanin yatsunka. Ka sha gaya mini cewa ranar da suka yarda, ambulan zai zo da kauri, cike da takardun sa hannu. Wannan kuwa falle ɗaya ne. Ka miƙo mini ka ce in karanta. Na ɗaga takardar na rufe fuskata da ita, na ce sun yarda za su kawo sabuwar mota bana, matuƙar ƙofar sito ta isa tirelarsu ta shige.

Ƙofar na zaɓa don na ɗauka ita ce abin da ba zai taɓa yiwuwa ba. Lissafina shi ne za ka ji daɗi, ka ci abinci, ka warke a kan gado kana jira, in lokaci ya yi a ce ƙofa ce ta hana, ka ce baɗi kamar kullum. Shekara uku ina karanta maka takardu, na san abin da kake yi da dalili in an ba ka shi, amma ranar nan ban tuna ba.

Ka ce, "Sake karanta mini wurin ƙofar." Na sake. Na san kalmomin da na faɗa karo na biyu ba su yi daidai da na farko ba, don na ji da kunnena. Ka yi shiru har na ji ƙarar keken Umma daga tsakar gida. Sannan ka ce, "To, madalla. Sa ta a akwati."

Ranar ka cinye abincinka tas, ka nemi ƙari. Umma ta rungume ni a bakin murhu ta ce, "Allah Ya yi miki albarka, wannan wasiƙa ta fi duk maganin likita." Na ce amin.

Kwana biyu kana zaune kana kiran mutane ɗaki. Ran na uku, Umma ta fita kai ɗinki, ta dawo ta tarar da gado babu kowa. Da ka rasa takalmanka, silifas ɗin banɗaki ka saka ka tafi sito. Ta bi ka can tana kuka, ta ce, "Baba, so kake ka kashe kanka ka bar ni da wa?" Ka ce mata kujera kawai za ka zauna, baki ne zai yi aiki. Mai Walda ya rantse mata zai tsare ka. Ta haƙura, ta ce to ni in riƙa kai maka ruwa da magani in na taso daga makaranta, in kuma sa maka ido.

Kwana huɗu aka yi ana aikin. Aka tokare rufi da ƙarafa, aka fara sarar ginshiƙi. Ba ka zauna a kujerar nan ba ko na minti goma. Kana tsaye a rana kana shafa bango, kana sa ni riƙe bakin tef ɗin awo ina faɗa maka lamba. Mai fenti ya zo ya rubuta allo babba, aka kafa a bakin titi: BANA ZA TA ZO. Masu wucewa suna ɗaga maka hannu suna cewa, "Malam Baɗi, ashe za a canza maka suna!" Kana dariya har da riƙe ƙirji.

Kowace rana ina fitowa daga gida da niyyar in faɗa maka. Ran na uku har na buɗe baki. Na ce, "Kaka." Ka ce, "Na'am, Akawu." Na dubi allon, na dubi mutanen da suke aiki tun safe ba a biya su ba don kawai kai ne, na ce, "Ga maganinka."

Ranar Litinin da azahar saura kaɗan ginshiƙin ya faɗi. Masu saran sun gaji sun zauna a inuwa. Mai Walda ya zagaya baya ɗauko ƙarfe. Ka ce wai matasan yanzu ba su san inda ake bugun kankare ba, ka lalubo guduma. Ina riƙe da tef, taku uku tsakanina da kai. Ka ɗaga sau ɗaya, ka buga. Ka ɗaga na biyu. A na ukun gudumar ce ta fara faɗuwa, sannan kai.

A asibiti ba ka yi magana da yawa ba. Ranar Talata ka farka, ka nemi Umma ta yafe maka fitar da ka yi. Sannan ka lalubo hannuna ka ce, "Akwatin yana wurinki." Na ce e. Ka ce, "Ki sa a wanke ƙyallen." Wato shuɗin ƙyallen da Umma ta ɗinka maka tun ban iya tafiya ba, wanda za a lulluɓe sabuwar mota da shi, wanda kowace shekara ake ajiye shi a ninke a kan dandamali a mayar da shi gida a ninke. Ɗakin da mutane, Umma tana riƙe da ɗaya hannun naka. Na ce to. Wannan ce maganarmu ta ƙarshe.

Kaka, ban sani ba ko ka gane. Wani lokaci in tuna yadda ka juya ambulan ɗin nan, da shirun da ka yi, sai in ce ka sani, ka zaɓi ka tashi ka yi aikinka maimakon ka mutu kana kallon bango. Wani lokaci kuma in ce wannan tunani na ƙirƙiro shi ne don in samu in yi barci, kamar yadda na ƙirƙiro wancan. Babu wanda zan tambaya. Na san rai da ajali a hannun Allah suke, an faɗa mini, na kuma yarda. Amma na san wanda ya ba ka dalilin fita daga ɗaki.

Bayan kwana uku da rasuwarka Mai Walda ya koma sito shi kaɗai ya ƙarasa aikin. Ya sa sabuwar ƙofar ƙarfe mai ganye biyu, ya ce tirela biyu ma sa shige. An ce yana walda yana share ido, yana cewa hayaƙi ne. Masu zuwa gaisuwa kowa abu ɗaya yake faɗa: Allah sarki, shekarar da motar za ta zo ita ce bai gani ba. Umma ta wanke ƙyallen da hannunta, ta goge, ta ce ita za ta janye shi ranar buɗewa a madadinka.

Ran addu'ar bakwai ina kai ruwa zaure na ji wani dillali yana ce wa na kusa da shi, "Kai ka ga wasiƙar nan da idonka? Kada fa a ce tsohon ya shirya mana ita ne don a fasa masa bangon da ya daɗe yana so." Ɗayan ya ce a bari ranar ta zo a gani. Shugaba kuma sau biyu yana aikowa in kawo takardar, don a san ranar da tirela za ta iso. Na ce ina nema. Tana cikin littafin lissafina, a jakar makaranta, kullum da ita nake tafiya.

In na yi shiru, ranar Asabar uku ga watan Mayu mutane za su cika sito, dandamali zai kasance wayam, kuma wanda ba ya nan shi za a ce ya yi ƙarya. Shekara ashirin da biyu ana yi maka dariya, amma ko masu dariyar ba su taɓa cewa ka faɗi abin da ba haka ba. Baɗi kake cewa, kuma kana haɗawa da in Allah Ya kai mu. Sau ɗaya ka ce bana, kuma daga bakina ka ɗauko.

Don haka ina shaida wa duk wanda wannan littafi ya shiga hannunsa: sabuwar mota ba za ta zo ba, bana ko baɗi. Kakana bai ga rubutun wasiƙar ba, ba ya gani. Abin da aka karanta masa shi ya faɗa muku. Wanda ya yi aikin kwana huɗu a rana, wanda ya ba da ƙarfe, wanda ya rubuta allo, duk wanda yake da fushi, ni ce mai shi.

Ya Allah Ka jiƙan Kakana, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka masa shi. Ka saka masa da alheri a kan kowane yaro da ya zaunar a gaban sitiyari da kowane matafiyi da ya tayar wa mota a hanya. Ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi, Ka sa Aljanna ce makomarsa. In akwai nauyin wannan ƙarya, kada Ka ɗora masa ko kaɗan.

Ina miƙa ta'aziyyata ga kawunnaina da iyalansu, da Shugaba da dukan 'yan ƙungiya, da yaran garejinsa na da da na yanzu. Ina yi wa Baba Mai Walda ta'aziyya ta musamman, shi da ya rasa abokin shekara sittin, kuma yake zargin kansa don ya zagaya ɗauko ƙarfe. Baba, ba kai ba ne. Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Umma, ke ce ta ƙarshe don ke ce na fi jin tsoro. Kin ɓoye takalma, kin yi iya yinki, kuma kin sa mini albarka a kan abin da ya fitar da mahaifinki daga ɗaki. Ba zan bari ki ji wannan a bakin wani ba. Kafin takardar nan ta je wurin mai buga littafi, zan ajiye ta a kan kekenki tare da wasiƙar, in tsaya a wurin har ki gama karantawa. Ban roƙe ki ki yafe mini yau ba.

Akwai sauran abu ɗaya. Ba kowa ne zai karanta wannan littafi ba, wasu allon bakin titi kawai suka gani, kuma za su zo. Ranar buɗewa, bayan awar yara, zan hau dandamalin in karanta wasiƙar kamar yadda aka rubuta ta, daga farko har sa hannu. Babu wanda ya sa ni. Makullin sito yana cikin akwati, don tsohon kwaɗon aka mayar a sabuwar ƙofa, kuma kwana biyar ke nan in na taso daga makaranta nakan biya can, in rufe kaina a ciki, in hau katakon in gwada. Ranar farko ko ni ban ji abin da nake faɗa ba. Jiya na ji muryata ta kai ƙofa ta dawo.